Jiki Magayi: Shaidar Wari a Gaban Hancin Na'ura

Duk wanda ya zauna ya yi nazarin harshen Hausa da natsuwa zai tarar cewa kakanninmu ba su yi wa hanci rowar kalmomi ba, domin abin da mai gaggawa zai dunƙule ya kira shi wari kawai, su sun rarrabe shi daki-daki, kowane da sunansa da mazauninsa: ƙarni na kifi ne da jini da ɗanyen ƙwai, zarni na fitsari, ƙauri na abin da wuta ta lasa, hamami na bunsuru da hammatar da ta kwana biyu ba ta ga ruwa ba, bashi na naman da ya soma juyawa, ɗoyi kuwa na abin da ya riga ya ruɓe har babu sauran ceto. Sun yi wannan rabe-rabe ne saboda sun daɗe da gane cewa wari labari yake ɗauke da shi, kuma wanda ya iya karanta shi yakan san abin da ke tafe tun ido bai gani ba. Ungozoma takan sansana cibiyar jariri ta ce a yi maza a nemi magani, tsohuwar ma'aikaciyar jinya kuma takan tsaya a bakin ɗakin masu gyambo ta faɗi wanda mikinsa ya ɓaci alhali ba a kwance bandejin ba tukuna. Ruwa ba ya tsami banza, in ji masu iya magana, to jikin ɗan Adam ma haka yake.

Ga shi kuwa a wannan zamani masana a ƙasashe da dama sun duƙufa wajen ƙera na'urori waɗanda za su yi aikin hancin ungozoma da na ma'aikaciyar jinya, watau su shaƙi iskar da ke tashi daga fatar mutum, su auna sinadaran da ke cikinta, sa'an nan su ba da labarin ƙananan halittun da ke zaune a kan fatar da halin da suke ciki. Ra'ayina game da wannan aiki shi ne, lalle akwai maslaha babba a cikinsa, kuma mu mazauna ƙasashen sauro da zafi mun fi waɗanda suka ƙago shi bukatarsa. Amma fa abin da na'urar za ta faɗa shaida ce, kuma malamanmu na fiƙihu sun riga sun koya mana cewa alƙali ba ya gina hukunci a kan shaida sai an yi wa mai bayar da ita tazkiyya.

Kafin a kai ga shaida, ya kamata a san wanda ake ba da shaida a kansa. Tun daga 1683, lokacin da Antonie van Leeuwenhoek, wani ɗan kasuwar yadi a garin Delft na ƙasar Holan, ya kankaro dauɗar haƙoransa ya duba ta a madubin da ya wasa da hannunsa, ya ga halittu suna ta kai da kawowa a cikinta, aka san cewa mutum ba shi kaɗai yake zaune a jikinsa ba. Wani ƙiyasi da aka wallafa a 2016 ya nuna cewa jikin baligi yana ɗauke da bakteriya wajen tiriliyan 38, alhali ƙwayoyin halittar jikinsa shi kansa ba su wuce tiriliyan 30 ba. Galibinsu a hanji suke, amma fata ma tana da nata rabon mai yawa. A 2009 Elizabeth Grice da Julia Segre da abokan aikinsu a Amurka suka bi wurare 20 na fatar mutum ɗaya bayan ɗaya, suka tarar cewa kowane wuri da irin mazaunansa, kamar yadda mazauna fadama suka bambanta da na tudu: goshi da gadon baya, inda maiƙo ya yi yawa, mazaunin wasu ne; hammata da tsakanin yatsun ƙafa, inda laima ba ta yankewa, mazaunin wasu; busasshen dantse kuma ya tara jinsuna barkatai. Mafi yawan waɗannan baƙi ba su cutar da mai masaukinsu, wasunsu ma gadinsa suke yi, kuma har naman gwarin nan da ake kira Malassezia, wanda kan haifar da kyasbi da amosanin kai idan ya yi rinjaye, yana nan lafiya lau a fatar kusan kowane baligi.

Abin da zai ba mai karatu mamaki shi ne, gumin da ke fitowa daga hammata ba shi da wari a lokacin fitowarsa. Jiki yakan fitar da shi ne tare da wasu sinadarai a ƙulle, sai bakteriya su ci su warware ƙullin, abin da suka bari shi ne hamamin da ke korar maƙwabci a sahun salla. Masana a Jami'ar York ta Ingila sun bayyana a 2020 yadda wani jinsi mai suna Staphylococcus hominis yake sarrafa ɗaya daga cikin sinadaran nan ya mai da shi wani abu mai farar wuta a ciki, wanda ɗan mitsitsinsa ya isa ya cika ɗaki. Ashe iyayenmu mata da suke goga alimun ko lemun tsami a hammata, maganin baƙin suke yi ba tare da sun san sunansu ba. Ke nan kowane jinsi yana da abincinsa, yana da kuma irin iskar da yake fitarwa bayan ya ci, ta yadda idan jama'ar da ke kan fata ta canja, iskar da ke tashi daga fatar ita ma sai ta canja. A kan wannan ƙa'ida aka gina dukan aikin.

Ita kuwa na'urar, asalinta ba na asibiti ba ne. A shekarun 1960 wani Bajapane mai suna Naoyoshi Taguchi ya ƙera ɗan ma'auni don gano yoyon iskar gas a gidaje, kuma abin da ya yi amfani da shi shi ne garin kuza, irin ma'adinin nan da aka shekara da shekaru ana haƙa a tsaunukan Jos. Idan aka zafafa garin da lantarki har ya kai ɗaruruwan digiri, iskar da muke shaƙa takan manne a fuskarsa ta rage wa lantarki hanyar wucewa. Da zarar wata baƙuwar iska ta iso ta yi mu'amala da wadda ta manne, sai hanya ta buɗe, lantarki ya ƙaru, ma'auni ya nuna. Ma'auni guda ba ya iya rarrabe ƙarni da zarni, iyakarsa ya ce akwai wani abu. Sai a 1982 Krishna Persaud da George Dodd na Jami'ar Warwick suka nuna cewa idan aka jera ma'aunai daban-daban, kowane da irin abin da ya fi motsa shi, to haɗuwar amsoshinsu takan ba da wani zane na musamman ga kowane wari. Haƙiƙa kwaikwayon halittar Ubangiji suka yi, domin hancin mutum yana da nau'o'in masu karɓar ƙanshi wajen 400, kuma ƙwaƙwalwa ba ta gane ƙanshin daddawa da ɗaya daga cikinsu, sai da jituwar da yawa. Yau kwamfuta ce ke zaune a mazaunin ƙwaƙwalwa, ana nuna mata dubban zane-zane har ta haddace su, ma'aunan kuma sun ƙanƙance har ana gwada liƙa su a fata ko a cikin bandeji.

Fa'idar da ta fi kusa da mu ita ce ta zazzaɓin cizon sauro, domin bisa ga alƙaluman Hukumar Lafiya ta Duniya, Nijeriya kaɗai tana ɗauke da kimanin rubu'in masu kamuwa da wannan cuta a duniya, Nijar kuma tana cikin ƙasashe huɗu da suka tattara wajen rabin masu mutuwa da ita. Kowa ya san gidan da mutum biyu za su kwana a tabarma ɗaya, ɗaya ya tashi jikinsa duk cizo, ɗayan kuwa ko ɗigo babu, har a ce wane jininsa zaƙi gare shi. Bincike ya nuna cewa maganar tana ga fata. Wani masani ɗan Holan, Bart Knols, ya tarar cewa sauron maleriya yana rububin wani cuku mai warin ƙafa da ake kira Limburger kamar yadda yake rububin ƙafar mutum, saboda dangin bakteriya ɗaya ne ke aiki a wuraren biyu. A 2011 kuma masana a Jami'ar Wageningen suka gwada maza 48, suka ga cewa waɗanda sauro ya fi so su ne masu bakteriya da yawa a ƙafa amma jinsunan ba su da yawa. Bayan haka, a 2018, bincike a kan yara a Kenya ya nuna cewa ƙwayar maleriya tana canja warin fatar wanda ta shiga ta yadda sauro zai ƙara sonsa, watau cutar da kanta take kiran mai ɗaukarta zuwa gida na gaba. A wannan shekara ce kuma aka ba da labarin safunan da yara 'yan makaranta a Gambiya suka kwana da su, aka daskarar aka kai Ingila, inda karnuka biyu da aka horar suka gane kashi 70 cikin 100 na masu ɗauke da cutar da kashi 90 cikin 100 na masu lafiya, alhali yaran duka ba su nuna alamar ciwo ba.

Ba za a iya ajiye horarren kare a kowane ɗakin shan magani na ƙauye ba, amma ana iya ajiye na'ura mai girman wayar hannu. Mai ɗauke da ƙwayar maleriya ba tare da zazzaɓi ba shi ne rumbun da sauro ke ɗiba duk damina, kuma ba ya zuwa asibiti tunda babu abin da ke damunsa, ba ya kuma son a huda masa yatsa a banza. In da za a sami abin da zai sansana hannunsa ya ce a gwada jinin wannan, da an toshe wata babbar kafa. Haka kuma sha'anin gyambo, musamman na masu ciwon sukari da waɗanda wuta ta ƙona: a yau sai an shafo ruwan mikin an kai ɗakin gwaji an shuka shi, a jira kwana biyu ko uku kafin a san ƙwayar da ta shiga, in ma akwai ɗakin gwajin a kusa, a tsakanin nan kuwa likita yana ba da magani ne bisa zato. Alhali likitoci sun daɗe da sanin cewa wasu ƙwayoyin suna da warinsu na kansu, kamar Pseudomonas aeruginosa da ake kamanta nasa da na inabi. Bandejin da zai yi ishara tun dare na farko zai ceci ƙafafun da ake yankewa, ya kuma rage shan maganin kashe ƙwayoyin cuta barkatai, wanda shi kansa ya zama musiba.

To, a nan ne ya kamata mu koma ga malamai. Ɗalibin da ya fara karatun tsarki ya san cewa ana hukunta ruwa da launinsa da ɗanɗanonsa da warinsa, ke nan shari'a ta amince da hanci a matsayin mai ba da labari. Amma da aka zo mas'alar mutumin da aka ji warin giya a bakinsa, sai manyan malamai suka saɓa. Imamu Malik ya tafi a kan cewa ana tsai da haddi da wari, da sharaɗin adalai biyu su shaida a gaban alƙali cewa warin abin maye ne. Imamu Abu Hanifa da Imamu Shafi'i kuwa suka ƙi, suka ce akwai shubuha, domin ƙila an tilasta masa ne, ƙila kuskure ya yi, ƙila kuma wani abu ya ci mai kama da wannan wari. Dukan ɓangarorin biyu suna da darasi ga mai ƙera hancin lantarki. Wanda ya karɓi shaidar wari bai karɓe ta daga kowa ba, sai daga wanda aka tabbatar da adalcinsa da saninsa. Wanda ya ƙi ta kuma ya tuna mana cewa wari ɗaya yana iya samun sabubba da yawa.

Shubuhar na'urar kuwa ba kaɗan ba ce. Sanannen abu ne ga masu sana'ar cewa ma'aunan kuza suna ruɗewa da laima da zafi, kuma amsarsu tana gocewa da tsufa, ta yadda abin da suka faɗa a bana ba lalle ne su maimaita shi baɗi ba. To, ina ga ƙasar da hunturu ke busar da fata har ta tsage a Janairu, bazara ta jiƙa ta sharkaf a Afrilu, damina kuma ta zo da nata? Ina ga jikin da ya sha turaren wuta da humra da almiski, aka shafe shi da man kaɗanya, mai shi kuma ya ci miyar daddawa da tafarnuwa? Su kansu mutane ba ɗaya suke ba a asalin halitta, domin a 2006 masana a Japan sun gano cewa canji ɗaya a wata ƙwayar gado mai suna ABCC11 shi ke sa yawancin mutanen gabashin Asiya suke da busasshiyar dauɗar kunne, daga baya kuma aka tabbatar cewa shi ne ke rage musu warin hammata, wannan canji kuwa da wuya a same shi ga mutanen Afirka. Na'urar da ta yi karatunta a jikin mutanen Tokiyo ko Landan, a ɗaki mai sanyin na'ura, ba ta zama adala a Gaidam ko Maraɗi ba don kawai ta zo a kwali mai kyau.

Wanda yake ganin tsoron nan ya yi yawa, sai ya tuna da ɗan ma'aunin da ake maƙalawa a yatsa don sanin yawan iskar numfashi a jini, wanda ya cika asibitoci a zamanin korona. An shekara da shekaru ana dogara da shi, sai a ƙarshen 2020 likitoci a Jami'ar Michigan suka wallafa cewa yana ɓoye ƙarancin iskar ga baƙaƙen fata kusan ninki uku na yadda yake ɓoye shi ga fararen fata, ma'ana yana ce wa likita mara lafiya yana nan ƙalau alhali yana bukatar taimako. Babu wanda ya yi nufin zalunci a cikin maƙeransa. Abin da ya faru shi ne ba a yi masa cikakkiyar tazkiyya a kan irin fatarmu ba, mu kuma muka karɓa ba mu tambaya ba. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu, kuma ba a zarginsa.

Akwai kuma mas'alar amana, wadda ta fi ta ma'auni nauyi. Wata tsohuwar ma'aikaciyar jinya a Sikotilan, Joy Milne, ta ji warin mijinta ya canja shekaru kafin likitoci su gano yana da ciwon karkarwa na Parkinson. Da aka gwada ta da riguna 12, shida na masu ciwon shida na masu lafiya, ta gane na masu ciwon duka, ta kuma dage a kan cewa ɗaya daga cikin masu lafiyar ma yana da shi. Bayan wata takwas aka tabbatar da maganarta. Wannan ƙissa tana faranta ran likita, amma ya kamata ta tsorata mai hankali, domin ta nuna cewa riga tana iya tona abin da mai ita bai sani ba game da kansa. Jini ba ya fita sai da allura, allura kuma ba ta shiga sai da izini. Wari kuwa yana fita ne ba sallama, a kasuwa da masallaci da ƙofar ma'aikata. Ranar da na'urar ta yi arha, me zai hana mai ɗaukar ma'aikata ya kafa ta a bakin ƙofa, ko dangin miji su nemi a sansana amarya? Addininmu ya hana bin diddigin asirin mutane, ya kuma yi umarni da suturta su, saboda haka wajibi ne doka ta ɗauki warin jiki a matsayin sirrin mara lafiya, daidai da jininsa, tun kafin 'yan kasuwa su riga ta isowa.

'Yan kasuwar ma suna da wata hanyar ɓarna, ita ce su sayar wa mutane tsoro. Na'urar da za ta riƙa ce wa lafiyayyen mutum akwai bakteriya a jikinka gaskiya ta faɗa, amma gaskiyar da za ta kai shi ga sayen sabulai masu kashe komai, har ya kori masu gadinsa tare da ɓarayin. Masana a Jami'ar Kalifoniya da ke San Diego sun nuna cewa a cikin jinsin nan na Staphylococcus hominis, mai haddasa hamami, akwai waɗanda ke fitar da sinadarin da ke kashe Staphylococcus aureus, mugun da ke kawo maruru da ruɓar miki. A 2016 kuma hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta hana sa sinadarin triclosan da wasu 18 a sabulan wanka da wanke hannu na gida, saboda masu yin su sun kasa kawo hujjar cewa sun fi sabulu da ruwa amfani. Tsarkin da aka umarce mu da shi, na alwala da wanka da aske gashin hammata da yanke farce, tsaka-tsaki ne, yana rage dauɗa ba ya mai da fata kufai.

Abin da nake kira gare shi, saboda haka, aiki ne da ke hannunmu. Asibitocin koyarwa na Kano da Zariya da Sakkwato da Maiduguri da Yamai suna ganin masu zazzaɓi da masu gyambo a rana ɗaya fiye da abin da wasu cibiyoyin Turai ke gani a wata, jami'o'inmu kuma suna da masana ilmin sinadarai da na ƙananan halittu da injiniyoyin lantarki, waɗanda galibi bango ɗaya ne ya raba ofisoshinsu amma ba su taɓa zama a kan aiki ɗaya ba. Su ya kamata su tattara warin fatar mutanenmu, da yardarsu, a hunturu da bazara da damina, mai turare da mara turare, yaro da tsoho, su ajiye shi a matsayin ma'aunin da duk wata na'ura za ta bi ta kansa kafin hukuma ta ba ta izinin shiga asibiti, a kuma riƙa gwada abin da ta faɗa da abin da jini da ɗakin gwaji suka tabbatar. Safunan yaran Gambiya sai da aka kai su Ingila kafin a karanta su. Bai kamata na 'ya'yanmu su yi irin wannan tafiya ba. Idan na'urar ta ci jarrabawa a nan, a karɓi shaidarta, a ajiye ta a hannun ma'aikaciyar jinyar nan da ke tsaye a bakin ƙofa, ita ta saurare ta, likita kuma ya yanke hukunci.